Louis Armstrong, mai busa ƙaho da Amurka ta yi jakada da shi

An haifi Louis Armstrong a 1901 a unguwar talakawa ta New Orleans, ya yi suna da busa ƙahon jaz. Lokacin yaƙin cacar baka, gwamnatin Amurka ta riƙa tura mawaƙa baƙar fata ƙetare don wanke kanta daga zargin wariyar launin fata. A 1957 Armstrong ya ƙi zuwa Tarayyar Sobiyet, saboda an hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga makaranta a Little Rock, ya kuma soki shugaba Eisenhower a fili. A 1960 ya yi rangadin Afirka, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Ya rasu a 1971.