Likita Mila na Zariya (1872–1952): Mai Wa'azin da Bai Iya Ɓoye Magana Ba

A wannan fili na tarihin mutanen da suka shuɗe, bana mun ɗauko wani baƙo ne, Bature kuma Kirista, wanda ya kwashe fiye da shekara 40 yana zaune a Arewa har ƙasa ta rufe idonsa a cikinta. Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa sun fi saninsa da Likita Mila. Mun san wani zai tambaya me ya haɗa mutanen Burkusuma da ɗan mishan. Addininmu da nasa daban, kuma akwai maganganunsa da ba za mu taɓa amincewa da su ba. Sai dai mutumin ya riƙe abu biyu da muke ganin sun cancanci a duba: faɗa wa mai iko gaskiya komai ɗacinta, da kuma nacewa a kan cewa kowane mutum ya iya karanta littafin addininsa da kansa, cikin harshen da ya sha a nono. Mu Gobirawa ba baƙi ba ne ga labarin mai wa'azi da sarki, domin a ƙasarmu ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsaya gaban Bawa Jangwarzo ya nemi a sauƙaƙa wa talakawa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Miller a shekarar 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Da ya gama, sai ya miƙa kansa ga CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, maimakon ya zauna gida ya nemi kuɗi da aikinsa.

Ɓangaren Kiristancin da ya tashi a cikinsa yana koyar da cewa bai wadatar mutum ya saurari limamin coci ranar Lahadi kawai ba. Wajibi ne ya buɗe littafin da kansa kullum, ya karanta wani sashe, ya auna halinsa da abin da ya karanta. Wannan ra'ayi tsoho ne a Turai. Saboda shi ne Martin Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, kuma William Tyndale, wanda ya yi irin wannan aiki da Ingilishi, an kashe shi a 1536. Wanda bai fahimci wannan tushe ba, ba zai gane dalilin da ya sa likita ya ƙare rayuwarsa yana fama da nahawu da fassara fiye da allura da magani ba.

Kafin ya shigo ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda a lokacin akwai Hausawa fatake da maniyyata da bayin da aka tsallaka da su hamada. A wurinsu ya fara koyon harshen. A can kuma ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyar aikin Hajji, daga baya ya riƙe shi kamar ɗansa.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekarar 1900 Turawa biyar suka taso daga Legas suka nufi Kano a ƙarƙashin Bishof Herbert Tugwell, Miller yana cikinsu. A lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ko Sakkwato ba tukuna. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu, domin hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora sun dame shi, yana neman inda zai jingina. A Kano kuwa labari ya sha bamban. Sarki Alu bai karɓi maganar makaranta ko ta asibiti ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo kudu suka yada zango a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu, shi ma Miller ciwo ya mayar da shi gida.

Wani da ya ga haka da ya haƙura, amma shi sai ya dawo. Bayan Turawa sun kama Zariya a 1902, sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ya samu izini a 1905 ya shiga cikin birnin Zariya ya zauna a unguwar Durumin Maigarke. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Wannan zama na ɗan mishan a tsakiyar birnin Musulmi abu ne da ba a saba gani ba a Arewa, kuma shi ne tushen yawancin rigingimun da ya shiga.

Tsakaninsa da fada

Sarkin da ya tarar shi ne Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903, malami kuma fasihin mawaƙi da har yau ake nazarin waƙoƙinsa, irin su Waƙar Diga. Da farko sun zauna lafiya. Amma ɗakin magani wuri ne da talaka ke sakin baki. Marasa lafiya da masu jinya suna kawo masa labarin abin da ke faruwa a gidan yari, da ƙwacen dukiya, da cinikin bayi da ake yi a ɓoye bayan an hana shi. Miller bai iya jin irin wannan ya yi shiru ba. Ya riƙa rubuta wa Razdan da Gwamna, shekara da shekaru, ko da an nuna masa ba a son ji. A farkon shekarun 1920 aka tuɓe Sarki Aliyu aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu, kuma masu tarihi suna lissafa ƙorafe-ƙorafen Miller cikin abubuwan da suka kai ga haka.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Zazzagawa da yawa suna ganin an zalunci sarkinsu, kuma Bature ya shiga sharo ba shanu. Haka nan Miller ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan Musulunci da sarautar Fulani, ya kuma goyi bayan zuwan mulkin Turawa yana ganin shi ne zai 'yantar da talaka. A nan ya yi wa jama'a kuɗin goro, ya ɗora wa addini laifin wasu masu mulki. Mai faɗin gaskiya ma yakan zarce, kuma tarihi bai yafe masa wannan ba.

Tsakaninsa da 'yan uwansa Turawa

Abin da ya bambanta shi da yawancin Turawan zamaninsa shi ne bai tsaya kan sarakuna kaɗai ba. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, aka kuma kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna. Miller ya ga cewa jami'ai da yawa sun mayar da wannan tsari mafaka: muddin haraji ya shigo, gari ya yi tsit, ba ruwansu da abin da hakimi ko dogari ya yi wa talaka. Ya kuma zarge su da barin Arewa a baya wajen ilmin zamani da gangan, alhali Kudu tana ta buɗe makarantu. Ya taɓa kawo shawarar makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai a Zariya, abin bai yi nisa ba, sai gwamnati ta ɗora wa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, buɗe makarantarta a Nasarawa ta Kano a 1909.

Wannan baki nasa ya sa manyan jami'ai suka ɗauke shi ƙaya a ƙafa, suka yi ta neman a fitar da mishan daga cikin birni. A 1929 hakan ta tabbata, aka mayar da makaranta da asibiti Wusasa, bayan ganuwa. Har tsufansa bai sauya ba. A 1947 ya buga wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce ga Ingila, ko ta gaza ne a Nijeriya.

Isawa da garin Gimi

A 1913 wasu baƙi suka zo masa daga cikin mutanen da ake kira Isawa. Asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda nazarinsa ya kai shi ga fifita Annabi Isa, Alaihis Salam, har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse zuwa wajajen Ningi da ƙasar Zazzau. Wasu daga cikin zuriyarsu suka karɓi Kiristanci a hannun Miller, aka kafa musu gari a Gimi. Ba a daɗe ba ƙudan tsando ya kawo ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, garin ya tashi. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa makarantarsa ta Zariya, ya rene su, shi da bai taɓa yin aure ba.

Aikin fassara

Babban aikin rayuwarsa shi ne juya Littafi Mai Tsarki na Kiristoci zuwa Hausa. Ba shi ya fara ba, domin wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fassara wasu sassa tun ƙarni na 19 da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, sai dai Hausar ta yi wa mutanen gida nauyi. Miller ya shafe kusan shekara 30 yana wannan aiki tare da almajiransa Hausawa da wasu 'yan mishan, cikinsu har da Likita Stirrett na ƙungiyar SIM. Littattafai 66 ne, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo, kuma kowace aya sai an nemo mata kalmar da manomi zai gane. Sun yi amfani da kalmomin da Hausawa suka riga suka sani, kamar Allah, annabi, mala'ika, zunubi da Zabura. A 1932 aka buga littafin cikakke a Landan.

Da yake burinsa kowa ya karanta da kansa, ya zama cikin masu matsa wa gwamnati ta rubuta Hausa da boko maimakon ajami. Wannan ya taimaka wajen yaɗuwar rubutun da kuke karantawa yanzu, ko da yake ya jawo aka mayar da dubban malaman da suka ƙware a ajami tamkar jahilai a idon ofis. Fassarar ta zagaya nesa da Zariya. Kabilu da yawa na Filato da kudancin Kaduna da ita suka koyi karatu, har Hausa ta zama harshen cocinsu. Ta kuma iso ƙofarmu, domin SIM ta kafa tasha a Tsibiri, birnin 'yan uwanmu Gobirawa da ke kusa da Maraɗi, tun ƙarshen shekarun 1920.

Abin da ya bari

In da yawan mabiya ake auna mai wa'azi, to Miller bai samu abin kirki ba, domin waɗanda suka bi shi a Zariya ba su taka kara sun karya ba. Amma 'yar makarantar nan ta fitar da mutanen da Arewa ta mora. Daga cikinsu akwai Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi firamare. Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80.

Abin da ya shafe mu

'Yan uwa mazauna Sakkwato, Kano, Kaduna, Abuja da Legas, kun san halin da gida ke ciki. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar Sabon Birni da Isa, an bar gonaki, makarantu da dama sun tsaya, dubban mutanenmu sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Da yawanmu muna zama da masu riƙe da madafun iko, muna cin abinci tare, amma in an zo maganar gida sai mu ɓuge da kirari. Baƙon da ba shi da dangi ko gona a Zazzau ya ɗauki alƙalami ya kai kukan talaka gaba, ya jure fushin fada da na Razdan. Mu da iyayenmu ke kwana a daji mun fi shi hujjar yin haka, da ladabi, da shaida a rubuce, ba tare da yi wa kowa kuɗin goro irin nasa ba.

Na biyu kuma shi ne karatu. Ma'anonin Alƙur'ani mai girma suna nan a buge da Hausa, na Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Nasiru Kabara, ga littattafan Shehu da Abdullahi da Bello an fassara da yawa. Mutumin da ke buɗe littafi da kansa, yana komawa ga malamai da tambaya, ba a saurin ruɗinsa, kuma ba ya rasa abin da zai auna shugabansa da shi. Saboda haka muna roƙon kowane reshe na ƙungiya ya sa maganar yaran da karatunsu ya katse a kan gaba cikin taronsa na bana, ko da ɗaukar nauyin malami ɗaya ne a inda suka samu mafaka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da karɓarta. Amin.