Robert Bakewell: Manomin Da Ya Gano Yadda Ake Zaɓen Bijimi

A wannan makon na kawo mana tarihin wani manomi ɗan ƙasar Ingila wanda ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce, amma har yau masu kiwon shanu suna cin moriyar dabararsa.

An haifi Robert Bakewell a shekarar 1725 a wata gona mai suna Dishley, a yankin Leicester, inda ƙungiyar ƙwallon nan take. Mahaifinsa manomi ne, kuma gonar ma ta haya ce. Tun yana saurayi ya riƙa zagaya gonakin mutane yana kallon yadda suke kiwo. A shekarar 1760 ya karɓi ragamar gonar.

A lokacin, yawancin manoma sukan saki shanu maza da mata su yi kiwo tare, duk bijimin da ya samu dama shi ke barbara. Bakewell ya ƙi wannan. Ya raba maza da mata, shi da kansa yake zaɓen bijimin da zai hau kowace saniya. Abin da yake nema shi ne dabba mai ƙaramin ƙashi da yawan nama, wadda take saurin ƙiba ba tare da ta cinye abinci da yawa ba. Yakan lura da abin da dabba ta ci da yadda ta girma. Har ƙasusuwa da yankan naman dabbobinsa yakan adana a gida don ya kwatanta na da da na yanzu.

Babbar dabararsa ita ce bayar da haya. Maimakon ya sayar da ragunansa da bijimansa masu kyau, sai ya bai wa wasu manoma hayarsu na ɗan lokaci. Kuɗi suna shigo masa, kuma yana ganin irin 'ya'yan da kowane namiji ya haifar a gonaki daban-daban. Wanda 'ya'yansa suka fi kyau, shi yake mayarwa cikin garkensa. Ke nan ba girman tozo ko tsawon ƙaho yake dubawa ba, 'ya'ya yake dubawa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to shi Bakewell sai ya ga gudun ɗan kafin ya yarda da iyayen.

Da wannan hanya ya inganta wasu shanu masu dogon ƙaho da ake kira Longhorn, da tumakin Leicester. Sunansa ya bazu, baƙi suna zuwa daga ƙasashe don su ga gonarsa. A shekarar 1783 aka kafa ƙungiyar masu kiwo ta Dishley don kare irin tumakinsa.

Amma aikin bai rasa matsala ba. Yakan haɗa dabbobi 'yan uwan juna na kusa, abin da kan raunana iri idan ya yi yawa. Kuma saboda nama ya sa a gaba, shanunsa sun yi kitse amma nononsu ya ragu. Bayan rasuwarsa a shekarar 1795, wasu shanu masu gajeren ƙaho suka kere nasa a kasuwa. Abin mamaki, da dabararsa aka inganta su.

Bakewell ya rasu kafin masana su gano ƙwayoyin gado. A yau, a ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya, ana auna nauyin maraƙi ranar haihuwa da ranar yaye, a haɗa da bayanan iyayensa da danginsa, wani lokaci har da gwajin gashi ko jini. Kwamfuta sai ta fitar da lambar da ke hasashen irin 'ya'yan da bijimi zai haifar. A nan Najeriya, cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, tana aikin inganta irin shanu.

Wannan tarihi ya shafe mu a Babban Mutum da ƙasar Daura baki ɗaya. Fulani makiyaya sun daɗe da sanin asalin kowace saniya a garkensu, ko bunaji ce ko rahaji. Sai dai idan buƙata ta taso, wani yakan kai bijiminsa mafi kyau kasuwar Mai'aduwa don shi ne zai yi tsada, ya bar ƙanana a garke. Kuɗin za su ƙare, garken kuma ya riƙa komawa baya. Sannan mu ba nama kaɗai muke so ba. Muna son nono, muna son shanun huɗa da na amalanke, masu jure zafi da ƙarancin ciyawa a bazara.

Don haka duk wanda ake kiwo a gidansu, ya samu littafi ya riƙa rubuta uban kowane maraƙi da uwarsa da yadda ya girma. Bayan shekara biyu ko uku, littafin zai nuna bijimin da ya kamata a bari a gida.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙungiyar 'yan jarida.