Janar Raul Salan: Sojan Da Ya Juya Wa Ƙasarsa Bakin Bindiga

Masu bin hanyar Agadas zuwa Tamanrasat sun san Aljeriya da dabino da taliya da man fetur. Kafin ta samu ƴancin kai a 1962, ƙasar ta sha yaƙin fiye da shekara bakwai da Faransa, kuma daga cikin waɗanda suka ƙara dagula ƙarshen wannan yaƙi akwai Janar Raul Salan, wanda a zamaninsa ake lissafa shi cikin sojojin Faransa da suka fi kowa lambobin yabo a ƙirji.

An haifi Salan ranar 10 ga watan Yuni na 1899 a kudancin Faransa. A 1917 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta San-Sir, ya kuma samu ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan ya shiga rundunar da ke aiki a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ya yi yaƙi a Siriya, inda aka ji masa mummunan rauni, sannan ya daɗe a Lawos har ya iya harshen mutanen ƙasar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙe aikin leƙen asirin soja a Dakar. A 1944 shi ne ya jagoranci runduna ta shida ta sojojin Afirka, waɗanda ake kira tirayar na Senegal ko da yake daga ƙasashen Afirka ta Yamma daban-daban aka ɗebo su. Da su ya shiga yaƙin ƙwato birnin Tulon daga hannun Jamus, kuma kafin shekarar ta ƙare ya zama janar.

Daga 1952 zuwa 1953 ya riƙe dukan sojojin Faransa a yaƙin Biyetnam. Shekara guda bayan ya bar can aka ci Faransa da yaƙi, ta tattara kayanta ta fita. Wannan abin kunya ya tsaya wa hafsoshi da yawa a rai, suka ɗora laifin a kan ƴan siyasar Paris.

A ƙarshen 1956 aka ba shi shugabancin sojojin Faransa a Aljeriya, inda mayaƙan FLN ke neman ƴanci. A lokacin akwai Turawa kusan miliyan ɗaya a ƙasar, da yawansu can aka haife su, a tsakiyar Musulmi wajen miliyan tara. Masu zafin kai daga cikin Turawan ba su yarda da Salan ba, suna zargin an aiko shi ne ya sayar da ƙasar. Ranar 16 ga Janairu na 1957 suka harba roka cikin ofishinsa a birnin Alje. Ba ya ciki, sai wani hafsansa ne ya mutu. A wannan shekarar, ƙarƙashin ikonsa, sojojin laima na Janar Masu suka murƙushe FLN a Alje ta hanyar kame da azabtar da fursunoni.

A watan Mayu na 1958 Turawan Alje suka yi bore, gwamnatin Paris ta rasa yadda za ta yi. Salan ya fito gaban taro ya kira sunan Janar Digol, wannan kuwa ya taimaka wajen dawo da Digol kan mulki. Zatonsu Digol zai riƙe Aljeriya. Kafin shekarar ta ƙare Digol ya cire shi daga Alje ya mayar da shi Paris, sannan a watan Satumba na 1959 ya bayyana cewa ƴan Aljeriya ne za su zaɓi makomarsu. Salan ya yi ritaya a 1960, shekarar da Nijar da maƙwabtanta suka samu ƴanci. Da aka hana shi zama a Alje sai ya tsallaka Sifaniya.

A watan Janairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka bi bayan Digol. Wata guda bayan haka aka kafa ƙungiyar OAS a Madrid, wato rundunar ɓoye ta masu tsattsauran ra'ayin riƙe mulkin mallaka. A watan Afrilu Salan ya haɗu da janar uku, Shal da Zelar da Juho, suka ƙwace Alje. Juyin mulkin bai wuce kwana huɗu ba. Ƙananan sojoji masu bautar ƙasa sun ji jawabin Digol ta ƴan rediyoyinsu na batir, suka ƙi bin umarnin ƴan tawaye. Shal da Zelar suka miƙa wuya, aka ɗaure kowannensu shekara 15. Salan da Juho suka ɓuya, kotu ta yanke musu hukuncin kisa a bayan idonsu.

Daga maɓoyarsa Salan ya zama shugaban OAS. Ƙungiyar ta riƙa dasa bam a shaguna da gidaje, tana fashin bankuna, tana karɓar kuɗi a hannun ƴan kasuwa da tsiya. Ƴan bindigarta na harbe Musulmi a kan titi ba tare da sun san ko su wane ne ba, haka ma Turawan da ke goyon bayan sulhu. A Paris, a watan Fabrairu na 1962, bam ɗin da aka dasa a gidan wani minista ya illata fuskar wata yarinya ƴar shekara huɗu, abin da ya sa jama'ar Faransa suka ƙara tsanar ƙungiyar. A wannan watan Salan ya ba da umarnin a riƙa buɗe wa jandarmomi wuta. Ranar 15 ga Maris aka kashe marubuci Mulud Fera'un tare da abokan aikinsa biyar, dukansu jami'an ilimi. Duk da haka, kwana uku bayan nan Faransa da FLN suka sa hannu kan yarjejeniyar Ebiyan.

Ranar 20 ga Afrilu na 1962 aka kama Salan a wani gida cikin Alje, ya rina gashinsa baƙi ya kuma ajiye gashin baki. Kamunsa bai tsayar da jinin ba. Ranar 2 ga Mayu wata mota ta tashi da bam a tashar jiragen ruwa ta Alje, ta kashe ƴan dako fiye da 60 da suka zo neman aikin yini. A watan Yuni aka ƙone ɗakin littattafan jami'ar Alje.

An fara shari'arsa a Paris a tsakiyar watan Mayu. Ya karanta bayani mai tsawo inda ya ɗauki alhakin shugabancin OAS, daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru har aka gama. Kowa ya sa ran kisa, tunda kotun nan ta riga ta yanke wa mataimakinsa Juho wannan hukunci. Amma ranar 23 ga Mayu alƙalai suka yi masa sassauci, suka ce ɗaurin rai da rai. Ran Digol ya ɓaci har ya rusa kotun ya kafa wata. Shi ma Juho daga baya an mayar masa da hukuncin ɗauri. Na ƙasa da su kuwa ba su samu wannan rangwame ba. Laftanar Roje Degeldar, shugaban ƴan bindigar OAS, an harbe shi ranar 6 ga Yuli na 1962, kwana ɗaya bayan bikin ƴancin Aljeriya. Laftanar-kanar Bastiyan-Tiri, wanda ya shirya wa motar Digol kwanton ɓauna a watan Agusta na wannan shekarar, an harbe shi a watan Maris na 1963.

Turawan da Salan ya ce yana karewa su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Yarjejeniyar Ebiyan ta ba su damar zama da dukiyarsu, amma bayan kashe-kashen OAS babu sauran amana tsakaninsu da maƙwabtansu Musulmi. Cikin ƴan watanni dubban ɗaruruwa suka bar shaguna da gonaki da kaburburan iyayensu, suka hau jirgi da akwatuna a hannu. Kiran da Salan ya yi daga kurkuku a watan Yuni cewa a ajiye makamai ya zo bayan aikin gama ya gama.

Shekara shida kawai ya yi a ɗaure, mafi yawansu a kurkukun garin Tul. A watan Yuni na 1968 Digol ya yi masa afuwa. Ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa, kuma a 1982, zamanin Shugaba Miteran, majalisa ta yi dokar da ta mayar da shi cikin jerin janar-janar na Faransa. Ya mutu a Paris ranar 3 ga Yuli na 1984 yana da shekara 85, aka binne shi a garin Bishi.