Jimi Hendrix: Makaɗin da ya jinginar da shekara uku a kan Dala ɗaya

An haifi Jimi Hendrix a birnin Seattle na Amurka ranar 27 ga Nuwamba, 1942. Bahago ne, don haka jitar masu hannun dama yake juyawa ya kaɗa. Bayan ɗan zaman da ya yi a soja, ya shiga yi wa manyan mawaƙa irin su Little Richard kiɗa, abin da yake samu bai wuce na cefane ba.

Cikin wannan hali na babu ne, a watan Oktoban 1965, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku da Ed Chalpin, mai kamfanin PPX. Ladansa Dala ɗaya ce, sai kashi 1 cikin 100 na cinikin abin da ya ɗauka.

A 1966 Chas Chandler ya kai shi Landan, aka kafa ƙungiyar Jimi Hendrix Experience, sunansa ya game duniya. Nan fa Chalpin ya zaro takardarsa ya garzaya kotu. Sulhun da aka yi ya wajabta wa Hendrix bai wa kamfanin Capitol faifai guda na sababbin waƙoƙi.

Ƙungiyar ta watse a 1969, ga bashi na jira. Sai ya haɗa kai da Billy Cox, abokinsa tun a soja, da maganɗi Buddy Miles, suka yi wasa sau huɗu a zauren Fillmore East na New York, ranakun 31 ga Disamba, 1969 da 1 ga Janairu, 1970, ana naɗar sautin a gaban 'yan kallo.

Wahalar ta koma wajen tacewa. Shi da injiniya Eddie Kramer sun shafe makonni suna daidaita ƙarar ganga da jita da murya, suna datse wuraren da Miles ya ja waƙa fiye da kima. Waƙoƙi shida suka zaɓa, duka daga wasannin rana ta biyu. Hendrix bai gamsu da aikin ba, ya dai miƙa shi ne don ya sauke nauyi.

Faifan, mai suna Band of Gypsys, ya fito a Maris 1970, ya kai matsayi na 5 a jadawalin Billboard. A cikinsa ne Machine Gun take, waƙar fiye da minti 12 wadda jitarsa ke kwaikwayon aman bindiga da faɗuwar bam, daidai lokacin yaƙin Biyetnam. Masana da dama na ganin bai taɓa kiɗan da ya fi wannan ba.

Ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970, yana da shekara 27, wata shida bayan fitar faifan.