Labarin Zinzendorf, Mai Sulhunta 'Yan'uwa

Ya kai mai karatu, ka kasa kunne ga labarin wani bawan Allah. An haifi Zinzendorf a birnin Dresden cikin ƙasar Jamus a shekara ta 1700, ɗan sarauta ne kuwa. A zamaninsa masu ilmi da yawa sun soma juya wa addini baya, masu bi kuma suna ta gardama da juna.

A 1722 waɗansu masu gudun tsanani daga ƙasar Morabiya suka sauka a ƙasarsa, suka kafa ƙauyen Herrnhut. Ba a daɗe ba jayayya ta tashi a kan koyarwa da al'adun sujada, har ƙauyen ya kusa watsewa. Sai Zinzendorf ya bar aikin fada, ya bi su gida gida da Littafi Mai Tsarki, yana komo da hankalinsu ga Almasihu da gicciyensa. Ran 13 ga Agusta 1727 suka ci Jibin Ubangiji tare, suka gafarta wa juna. A 1732 suka aiki mutum biyu su kai bishara ga bayi a tsibirin Sen Tomas. Shi kuwa ya rasu a 1760.

To, kai ma, kada ƙananan al'amura su raba ka da ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa.