Emile Berliner, Mai Faifan Garmaho

An haifi Emile Berliner a Hanover ta ƙasar Jamus cikin 1851. Bai yi nisa a makaranta ba. Cikin 1870 ya ƙaura Amurka ya zama yaron kanti, da dare yana koyon kimiyya.

Cikin 1877 Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya, amma a jikin wani abu mai kama da gwangwani take ɗauka, kwafinsa kuwa da wuyar yi. Sai cikin 1887 Berliner ya fito da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai. Faifai yana juyawa, allura tana bin tsagin jikinsa tana karkarwa, sauti yana fita. Daga faifai guda ana iya buga dubbai, kowa ya sayi nasa ya saurara a ɗakinsa.

Berliner ya rasu a Washington cikin 1929.