Ramon Kahal: yaron baduku da ya ga yadda ƙwaƙwalwa ke tsira

Mata masu saida ƙwai, yau labarinmu ya taɓo hajarku. An haifi Santiyago Ramon Kahal a ƙasar Espanya a 1852. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya son lakwal, sai zane. Mahaifinsa lokotoro ya gaji, ya kai shi koyon aiki wurin wanzami, sannan wurin baduku. Daga baya ya karanta likitanci, ya tafi Kuba aikin soja, masassarar cizon sauro ta kusa gamawa da shi.

Da ɗan abin da ya tara ya sayi madubin ganin ƙananan halittu a 1877. Ƙwaƙwalwar babba cunkushe take kamar kurmi, sai ya koma ga ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Nan, a ganinmu, wayonsa yake. A 1890 ya gano cewa jijiya tana miƙa kai tana lalube kamar yaɗon kabewa, har ta isa wurinta. Haka ta ɗan da ke cikinki take yi. Yau masana sun gano ƙwayoyin gado ke jan ragamar, wasu su kama aiki, wasu su dakata, kowace da lokacinta.

Ya samu kyautar Nobel a 1906, ya rasu a Madrid a 1934.